Akwatin da Malam Ya Bari Babu Murya

Ban iya karatu ba, ɗiyata ce take rubuta wannan.

Malam, mijina, gyaran agogo yake yi a suk, wato kasuwar Gadarif, nan Sudan. Da idonsa ya fara rauni sai ya sayi wata tsohuwar kwamfuta, ya ajiye ta kusa da angareb ɗinsa, gadonsa na igiya. Ya shekara uku yana jera kakanninmu a cikinta, tun daga waɗanda suka baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka. Kowa da akwatinsa a fuskar injin. Saboda ni ya sa wa kowane akwati muryarsa. In na danna na biyu daga sama, sai in ji shi: "Wannan kakarki ce, ta rasu a Showak, ba ta ga teku ba."

A wani akwatin har da muryata daga nesa, ina cewa, "Malam, asida za ta huce!" Shi kuma ya ce, "Hajiya, kin shiga tarihi." Na yi masa faɗa ranar.

Ya rasu lokacin yankan riɗi. Bayan na fita takaba, wata rana kahraba, wato wutar lantarki, ta dawo da ƙarfi, injin ya yi ƙauri, ya mutu. Na yi kuka kamar an sake fita da gawa.

Ɗiyata malama ce, ta san waɗannan abubuwa. Ta ciro abin da yake riƙe da ajiyar, ta kwashe komai zuwa tata sabuwa. Amma akwatunan suka ƙi buɗewa. Ta ce abin da babanta ya yi aiki da shi ba ya tafiya sai a tsohon tsari, sabon bai san shi ba.

"To shi ke nan?" na ce.

"Inna, ki ba ni kwana biyu. Zan gina wa tsohon injin ɗaki a cikin nawa. Zai zauna ciki yana zaton yana gidansa."

Ran Juma'a da hantsi ina dafa jabana, gahawarmu, ta kira ni. A tsakiyar fuskar injinta ga wata 'yar taga, a cikinta ga tsohuwar fuskar, da hoton gonarmu ta Basunda a baya. Sai kiɗan nan da yake yi in Malam ya kunna. Na matso na zauna. Na danna na biyu daga sama, ya yi magana.

Can ƙasa akwai akwati ɗaya kusa da nawa, in an danna shiru. Nasa ne. Bai faɗi sunan kansa ba.

"Inna, ke za ki faɗa," in ji ɗiyata. "In babu murya, wanda bai iya karatu ba zai wuce shi."

"Ke, ba ki da kunya? Ni in kama sunan babanki?"

Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa faɗin sunan nan ba. Haka aka rene mu. Ko ɗan maƙwabta mai irin sunan, wani suna nake kiransa da shi.

Ta ce, "Na adana ɗakin yadda yake yanzu. In kin faɗa ba ki so, dannawa ɗaya zan mai da shi kamar ba a yi ba."

Na ce ta fita rakuba, rumfar tsakar gida, ta ja ƙofa. Na daɗe ina kallon gonar. Sannan na faɗa wa injin sunan, sau ɗaya, na ƙara da cewa mai gyaran agogo ne, kuma ba ya cin asida da zafi.

Da ta dawo ta ce, "A mayar?"

Na ce a bari.

Kullum bayan la'asar tana buɗe mini tagar. Ina bin su ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa mini mutanena, ina share hawaye. Nasa na ƙasan ne ban danna ba tun ranar har yau. Wannan na bar wa jikoki.