Ramin Irin Citta

A gidanmu ba a sauraron tatsuniya a banza, sai da wuƙa a hannu. Ƙauyenmu yana gefen hanyar Kachia zuwa Kafanchan, kuma citta muke nomawa. Idan an tone ta bayan Kirsimeti, sauran aiki tsagawa: kowace ɗaya a raba ta biyu a tsaye, a shanya a kan dutse. Da an ci tuwon yamma sai a hura wuta a tsakar gida, a zube citta tuli guda, mu yara mu kewaye ta. Kaka, uwar babanmu, ita ce mai hana mu gyangyaɗi. Hausarta irin ta tsofaffinmu ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji a magana. Takan ce, "Tatsuniya ya zo, yana bakin ƙofa." Mu kuma mu amsa, "Ya shigo, akwai wuri."

Ina aji biyar a firamare, wajen ƙarshen shekarun tamanin, wata mota mai lasifika ta shigo kasuwarmu. Mutumin da ya fito daga cikinta yana sanye da kwat a tsakiyar rana, ga baki kamar rediyo. Injin tsaga citta ya kawo, ja wur, mai hannun juyawa. Ya ce aikin wata guda zai ƙare a kwana biyu. Ya ce kuma kada kowa ya damu da tsohon iri, a sayar a sayi inji, gwamnati za ta raba sabon iri kafin damina.

Baba ya dawo gida kansa ya ɗau zafi. Ni dai ban ga laifinsa ba, domin hannuwansa duk tabon wuƙa ne. Sai dai abin da ya rage mana na sayarwa ɗaya ne: ramin da ke ƙarƙashin mangwaro a bayan gida, inda muke binne irin citta, a lulluɓe da ciyawa har ruwan farko ya sauka. Idan ramin nan ya tafi, ba mu da abin shukawa. Baba ya ce ran kasuwa mai zuwa za a buɗe shi.

A wurinmu uwa ba ta yi wa magidanci faɗa a gaban 'ya'yansa, ko da ita ta goya shi. Kaka ta san haka. Ta bari sai da yamma, Baba na zaune gefe yana murɗa rediyonsa, sannan ta fara.

Ta ce wani baƙo ya taɓa zuwa wani gari da fartanya mai noma da kanta. Ya ajiye ta a kan juji, ta yi ta kartar ƙasa ba mai riƙe da ita. Kuɗinta kuwa, irin dawa na garin gaba ɗaya. Sarki ya sa aka tara, aka kaɗa ganga, aka yanka akuya. Sai wata tsohuwa mai ido ɗaya ta ce a nuna mata gonar da fartanyar ta nome bara. Baƙo ya ce gonar tana da nisa. Ta ce to a ba ta ƙotar ta shafa, ta ji inda ta goge. Aka yi mata dariya, ita kuwa ta koma gida ta ɓoye nata irin a tulu. Da ruwa ya sauka aka kai fartanya gona, ta ci karo da dutse sau ɗaya ta kwanta, don ba ta taɓa sanin wata ƙasa ba sai ta juji. Tulun tsohuwar nan ne ya rayar da garin.

Na ce, "Kaka, sarkin ba shi da hankali ne?"

Ta ce, "Yana da shi sosai. Gajiya ne ya yi masa yawa. Wanda ya gaji, duk abin da aka ce zai ɗauke masa aiki, yana ji." Ta tura itace cikin wuta, ta ƙara da cewa, "Ko taraktan gwamnati na bayan makarantarku ai da ganga aka kawo shi. Yau kaji na ƙwai a ciki."

Baba ya kashe rediyo. Ya ce, "Mama, na ji. Amma injin nan da idona na gani."

Ta ce, "Yawwa. Ni ma ka kai ni in gani da nawa."

Ran kasuwa muka tafi gaba ɗayanmu, ba a taɓa ramin ba tukuna. Mai kwat yana ta juya inji, jama'a na tafi. Ashe Kaka ta lura da abin da ya wuce mu duka: daga tasarsa yake ɗibar cittar gwajin, manya, miƙaƙƙu, wankakku tas. Ta kwance bakin zanenta ta fito da tamu, mai yatsu barkatai, da ƙasarta da komai. Ta ce, "Yarona, sa wannan."

Ya yi murmushin dole ya sa. Inji ya yi ƙara, ya tauna rabi, ya yanka sauran a kwance kamar kwabo, sannan ya cije. Kai, na ji daɗi har cikin raina! Kaka ko dariya ba ta yi ba. Ta ce, "Ba komai, ko mutum yana tuntuɓe. Ina tsohon shi? Nuna mini wanda ya shekara a gidan wani, in je in gaishe su." Mai kwat ya ce ai duk sababbi ne, daga waje suka zo. Ta ce, "To, idan ya tsufa ka dawo."

Malam Garba, wanda tun zamanin kakanmu gidansu ke sayen cittarmu su kai Kafanchan, yana tsaye a wurin. Ya ɗauki guntu ɗaya ya jujjuya, ya ce, "Iya, ko da bai cije ba, wannan ba zan saya ba. A tsaye ake tsaga citta."

Baba ya juya, muka kama hanyar gida. Sati biyu yana cin tuwo fuska a ɗaure, saboda ya riga ya cika baki a gaban abokansa. Amma ramin bai buɗe ba. Waɗansu maƙwabtanmu kuwa sun riga sun sayar da nasu tun kasuwar farko.

Ruwa ya sauka a watan huɗu, irin gwamnati shiru. An rubuta sunaye sau biyu, shiru. Ranar da Baba ya yaye ciyawar ramin, cittar duk ta fito da tsiro, ƙanshin ƙasa ya cika bayan gida. Kafin rana ta ɗaga sai ga maƙwabta da kwanduna, ba mai iya haɗa ido da wani. Baba ya yi addu'a, ya ware abin da zai ishi gonarmu, ya shiga raba sauran. Yana rabawa yana cewa, "Ni tun ranar farko na san injin nan ba abin kirki ba ne. Shi ya sa na ƙi taɓa ramina."

Haba! Na buɗe baki zan yi magana, sai na ji ƙafar Kaka a kan tawa, ta danne da ƙarfi. Ta ce da babbar murya, "Gaskiya ne. Ɗana akwai ido."

Na daɗe ina jin haushin wannan magana. Ita ta yi aikin, shi ya kwashe yabo. Sai bayan na yi aure a Kafanchan, na ga yadda ake tallar kaya, na ga ginin da aka buɗe da kiɗa ya zama wurin kwanan awaki, na kuma ga gidajen da gaskiya ta raba saboda mai gaskiyar ya nace sai an ce shi ne ya yi daidai, sannan na gane. Gano ƙaryar ɗan talla ba shi ne mai wuya ba, yanzu ni ma na iya, kuma ina alfahari da inda na koya. Abin da har yau ban iya ba shi ne na biyun. Matar da ba ta san ko harafi ɗaya ba ta ceci irin gidanmu, ta kuma bar ɗanta ya tsaya a gaban jama'a da mutuncinsa. Har ta rasu ba ta taɓa tuna masa ba, ko sau ɗaya.