Fauzi Abdulgawad, Mai Ƙirgen Titin Maƙabarta

An haifi Fauzi a shekarar 1948 a garin Tanta. Mahaifinsa Abdulgawad mai gyaran agogo ne, mahaifiyarsa kuwa sunanta Zakiyya.

Karatu da aiki

Ya kammala sakandare a 1967, sannan a 1970 wani ofishin tsara tituna a Iskandariyya ya ɗauke shi aiki. Aikin shi ne ya zauna a bakin titi da 'yar na'ura a kowane hannu, ta dama yana danna wa motoci, ta hagu masu tsallakawa a ƙafa. Da wannan adadi ake yanke inda za a kafa danja. Ƙa'idar ofishin kuwa, daga Litinin zuwa Laraba kaɗai ake ƙirge, wai su ne ranakun da gari yake a daidai.

Aure

A 1974 ya auri I'itidal, 'yar maƙwabcinsu, mace mai ba'a. Tana kiransa Abu Magdi, wato baban Magdi, babban ɗansu. Takan ce masa, "Abu Magdi, ka ƙirga duk mutanen gari, amma burodi biyar na aike ka ka dawo da huɗu."

Ƙirgen 1986

A watan Maris na 1986 aka tura shi babban titin da ya raba unguwarsu da maƙabarta. Kwana uku ya samu mutum ɗari da tara, alhali ɗari uku ake buƙata kafin a ba da danja. Ya san ranar Alhamis ce matan unguwar suke ziyarar mamatansu ɗauke da kwandunan gurasar sadaka, har da matarsa. Ya faɗa wa injiniyan da ke samansa. Injiniyan ya kira shi da Afandi, laƙabin girmama ma'aikaci, ya ce, "Fauzi Afandi, fom ɗin yana da gurbin Alhamis? To sa hannu mu tashi." Ya sa hannu. Aka faɗaɗa titin, ba a kafa danja ba.

Ranar wata Alhamis a watan Oktoba na 1988, motar siminti ta kaɗe I'itidal a hanyarta ta zuwa kabarin mahaifiyarta. Ta rasu kafin a isa asibiti.

Shekarun baya

Daga wannan lokaci ba Alhamis ɗin da bai ɗauki kujera ya je bakin titin ba, yana ƙirge ba da umarnin kowa ba. Duk ƙarshen shekara sai ya kai takardun ofis, a buga musu hatimi a ajiye. Mai shayin bakin titin, da ke kiransa Ammu, wato baffa, yakan ce, "Ammu Fauzi, yau nawa?" Ya faɗa masa, shi ke nan hirarsu. Ya yi ritaya a 2008. Da aka kafa kyamarori a titin, motoci kaɗai aka saita su su ƙirga. Bai daina zuwa ba sai a 2017, da idanunsa suka yi rauni.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Lahadi, 3 ga Fabrairu, 2019, yana da shekara saba'in. Bayan sallar azahar aka ɗauko shi zuwa maƙabarta. Masu makara sun fi minti ashirin tsaye a bakin titin suna sauya kafaɗa, sai da babban ɗansa ya shiga gaban motoci ya ɗaga hannu aka samu aka wuce da shi. An rufe shi kusa da matarsa.

Ya bar 'ya'ya huɗu: Magdi, Sausan, Ashraf da Hala. Matan biyu, Sausan da Hala, ba sa zuwa ziyara ranar Alhamis, domin ya hana su tun yana raye. Allah ya jiƙansa.