Malam Kwaji Mai Gashin Wutsiya

Duk wanda ya bi ta bayan kasuwar shanu ta Mubi da yamma zai iya cin karo da wani dogon mutum mai tabarau, riga a soke cikin wando, yana jan wani gajeren baƙin sa da igiya, ɗaya hannun kuma riƙe da reshen darbejiya yana kore masa ƙuda. Kada ku ce taɓin hankali ne. Malam Kwaji ke nan, malamin ilmin halittu a wata babbar makaranta a garin nan, mai digiri har biyu. Neman na ukun ne ya kai shi ga wannan babban muƙami. Ni Garba, mai shagon maganin dabbobi a bakin kasuwar, benci ɗaya muka zauna da shi a firamare, don haka ba ji na yi a wurin mai shayi ba.

A ƙauyen Betso aka haife shi. Mahaifinsa, Baba Zira, yana da shanun dutse, irin gajerun nan marasa tozo waɗanda in ka gan su daga nesa sai ka ɗauka manyan awaki ne. Ba su da kyan gani, ba su da nonon kirki, amma fa ƙudan tsando ya cije su ya gaji, ko tari ba sa yi. Mutane suka yi ta yi wa tsohon dariya har ya ji kunya, ya musanya su da manya masu tozo da dogayen ƙahoni. Damina ɗaya sammore, cutar da ƙudan tsando ke kawowa, ta kwashe su kakaf. Kwaji yana yaro ya taya uban jan gawarsu zuwa rami, kuma tun daga ranar bai sake zama daidai ba. Mu muna buga ƙwallo, shi yana tambayar malami me ke cikin jinin waɗancan da babu a na waɗannan.

Da wannan tambayar ya girma, da ita ya yi jami'a, da ita ya yi aure. Matarsa Margret, baiwar Allah mai haƙuri, takan ce ita dai an ɗaura mata aure da mutum, amma da ta tare sai ta tarar da kabad ɗin littattafai. Abin da yake so ya tabbatar a digirin digirgir shi ne jinin shanun dutse bai ƙare ba, yana nan a ɓoye cikin garkunan da ke kewaye da Mubi, kuma in an gano masu ɗauke da shi za a iya haɗa su barbara a dawo da irin. Magana ce mai kyau, wallahi. Sai dai shekaru sun yi ta tafiya yana karatu a kan karatu, har waɗanda ya koyar suka zama daktoci suna amsa gaisuwarsa da kai. A ƙarshe makarantar ta ce ko ya gama a wannan shekara ko a share sunansa.

Nan ne Allah ya haɗa shi da wata farfesa a Legas, wadda ke binciken ƙwayoyin gado na kifayen teku, tana da injin da ke karanta abin da halitta ta gada daga iyayenta. Ta ji tausayinsa, ta ce za ta duba masa, amma sau ɗaya tak, domin ba don shanu aka sayi injin ba. Abin da take buƙata ƙanƙani ne: gashin wutsiya da saiwarsa, na kowace dabba a ambulan ɗinta daban.

To, jama'a, ko ɗan tallan ruwa a kasuwarmu ya san makiyayi zai iya ba ka nono, ya ba ka wurin kwana, ya yanka maka ɗan akuya, amma ba zai bar baƙo ya tsige gashin wutsiyar saniyarsa ya tafi da shi ba. A wurinsu da irin wannan gashi ake yi wa garke asiri, shanu su daina haihuwa ko su watse. Gaskiya ne ko ba gaskiya ba, wannan ba shagona ba ne. Kwaji dai ya karanta littafin Bature a kan shanun ƙasashen da ko a taswira ban san su ba, wannan guda ɗaya ce ba a rubuta masa ba.

Ya ɗauki farar riga da safar hannu da hantsaki, ya hau acaɓa zuwa Wuro Patuji, wurin Ardo Abdulƙadiri, dattijo mai garke babba da kunya wadda ta fi garken girma. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo kindirmo. Ya yi bayani mai tsawo, har da zane a ƙasa. Ardo ya saurara yana gyaɗa kai, ya ce madalla, sai dai shanu sun tafi kiwo. Da ya koma, sun tafi kogi shan ruwa. Da ya sake komawa, wai ba sa son ƙanshin turaren mutanen gari. Kowa ya ji wannan ya san an ce masa a'a cikin mutunci. Malam mai digiri biyu ya dawo yana yaba mini haɗin kan da yake samu.

Da Ardo ya ga baƙon ba shi da niyyar ganewa, kuma korar baƙo ba tarbiyyarsa ba ce, sai ya ce, “Malam, kada ka wahalar da kanka. Bar mana takardun, mu da muka san su za mu tsigo maka.”

Kwaji ya bar ambulan fiye da ɗari, kowanne ya rubuta masa abin da za a saka: jar saniya, farin bijimi, maraƙi, karsana. Bayan mako aka kawo su cike, gashi da saiwarsa tsaf. Ya lura duk gashin baƙi ne, sai farin ciki ya kama shi. Har taro ya kira a makaranta, ya sanar cewa shanun Wuro Patuji, komai launinsu, baƙar wutsiya gare su, kuma wannan wata alama ce da masana ba su taɓa lura da ita ba. Aka tafa masa. Ni da nake ganin shanun nan kowace ranar kasuwa da jajayen wutsiyoyinsu, ba a gayyace ni ba.

Ina gidansa ranar da farfesa ta bugo waya, ya ma buɗe muryar don Margret ta ji. Matar ta gaishe shi, sannan ta ce ta maimaita gwajin har ta fara zargin injinta.

“Malam Kwaji, duk abin da ka aiko na dabba ɗaya ne,” in ji ta. “Namiji guda. Amma shi ɗin, kusan duk jininsa irin wanda kake nema ne. Ka nemo shi.”

Na ga mutum ya mutu ya farfaɗo a zaune. Digiri dai ya tafi, domin ba a ba da digirgir a kan sa ɗaya, kuma ya san haka. Amma ko takalmi bai ɗaure ba ya ce in kai shi a babur ɗina. A hanya yana ta lissafin 'ya'ya da jikokin da san zai haifa, har ya fara raba wa mutanen Betso.

Ardo bai yi musu ba, bai kuma ga laifinsa ba. Ya kai mu bayan ruga, inda aka ɗaure wani tsohon baƙin sa, gajere, babu tozo, wanda suka saya a wurin mutanen dutse tun da daɗewa don ɗaukar kaya. Wutsiyarsa tsirara take kamar bulala, ko sili ɗaya ba a bari ba. Ƙudaje sun rufe masa baya, yana ta kaɗa abin banza.

Ardo ya ce sun zauna sun yi shawara. Ba sa so su kunyata malam, ba sa kuma so su saka garke cikin haɗari, sai suka zaɓi wanda ba jininsu ba ne. Ya ƙara da cewa, cikin murya mai taushi, “Kuma ko da wani abu ne, ba zai taɓa zuri'arsa ba. Tun yana ƙarami aka fiɗiye shi.”

Kwaji ya sunkuya ya duba da idonsa, domin shi mai bincike ne. Ya daɗe a sunkuye. Na yi masa dariya tun muna yara, amma ranar kasa yi na yi, tausayinsa ya cika mini ciki.

Ya roƙi a sayar masa da san, Ardo ya ce ai baƙo ba ya sayen irin wannan, ya kwance igiyar ya miƙa masa. An share sunansa daga masu neman digirgir a ƙarshen shekarar, yana nan yana koyar da 'yan aji ɗaya. Margret ta matsar da tukwanenta ta ba sabon ɗan gida wuri a tsakar gida. Gashin wutsiyar bai dawo ba sai tsilli-tsilli, shi ya sa kullum da yamma malam yake fita da shi da reshen darbejiya.

Kwanan baya na tsayar da shi a ƙofar shago, na ce ya ba mahauta wannan tsoho ya huta, tunda ba haihuwa zai yi ba. Ya ci gaba da kaɗa reshensa, bai ko dube ni ba.

“Garba,” ya ce, “babana ya ba da nasa don mutane sun yi dariya. Ku yi ta yi.”