Kishin Mamaci Ya Sa Na Kori Maganin Matata Daga Ɗaki

Lokacin da abin ya faru ina sayar da albasa a kasuwar Agbogbloshie, sabon ango ne ni mai zafin kai, irin wanda ko gaisuwa aka tsawaita da matarsa sai ya wuni yana huci. Matar da na aura bazawara ce, mijinta na farko direban babbar mota ne da ya rasu. Tun kafin ɗaurin aure ta gaya mini gaskiya cewa tana ɗauke da ƙwayar cutar HIV, wajen marigayin ta samu, kuma kullum tana shan magani. Muka je asibiti, aka gwada ni, ba ni da ita. Ma'aikaciyar jinya ta ce muddin ba ta wasa da maganin, ƙwayar za ta ragu a jininta har gwaji ya kasa ganinta, ba za ta shafe ni ba, kuma da wuya ta kama abin da za ta haifa. Na ce na ji, na gani, ina so.

Cutar ba ta taɓa ba ni tsoro ba. Mutumin da ke kwance a kabari shi ya hana ni sakat. Kullum bayan magariba sai ta ɗauko kwalbar maganin, ta haɗiyi ƙwaya ɗaya, ta ce Allah ya jiƙansa, ya yafe masa. Ni kuwa sai in ji zuciyata tana tafasa. Wato ni ke cefane, ni ke shan rana a kasuwa, amma wani da ya mutu yana da lokacinsa a ɗakina kowace yamma, har ya bar abinsa a jininta da ba zan iya fitarwa ba. Rannan, tana da ƙaramin ciki, na rufe ido na ce kada in ƙara ganin kwalbar nan a ɗakina. Ta ce addu'ar don ta sanyaya ranta take yi, kada ta riƙe shi a zuci. Ban saurare ta ba.

Gidanmu a unguwar Nima gidan haya ne mai tarin jama'a, wa za ta ba ajiya magana ba ta zagaye unguwa ba? Sai ta kai maganin gidan gwaggonta a unguwar Alajo, ita kaɗai ta san sirrin. Tana ƙulla 'yan ƙwayoyi a bakin zane, idan sun ƙare sai ta hau motar haya ta trotro ta koma. Da cikin ya yi nauyi, ƙafafunta suka kumbura, sai kwanaki su wuce ba ta sha ba. Ina gani ta daina, kuma wallahi daɗi na ji. Wannan ne ba na iya yafe wa kaina.

Dab da haihuwa aka auna jininta a wajen awo, aka ce ƙwayar ta yi yawa. Ma'aikaciyar ta tambayi dalili, matata ta sunkuyar da kai ta ce mantuwa ce. Ina zaune a gefe, ta rufa mini asirin da ban cancanta ba. Aka mayar da ita kan magani, aka ba jaririyar nata maganin tun ranar haihuwa, amma gwajin da aka yi mata bayan wasu makonni ya nuna ta kamu.

Yau 'yata tana makarantar firamare, lafiyarta ƙalau, don ba ma barin ta tsallake rana ɗaya. Ni har yanzu ba ni da cutar, kuma wani lokaci wannan ma kunya yake ba ni. 'Yan'uwana maza, idan kun karɓi mace da larurarta, ku karɓe ta da maganinta da abin da ya wuce a rayuwarta. Maganin nan ba na wasa ba ne, balle ga mai ciki. Kwanan baya yarinyar ta tambaye ni me ya sa ita kaɗai ke shan magani kullum a cikin ƙawayenta. Uwarta ta ce in ta girma za a gaya mata. Ni ne zan gaya mata, kuma ban san da wane baki ba.