Dusar Rago

Shekarun da na yi a kasuwar kifi, aikina rubutu ne. Dillalai su faɗa, ni in rubuta sunan mai kaya da ajami a jikin kwalin banda, ko takardar da direba zai kai wa masunta bakin tabki. Tabarmata tana gindin rumfar wani Alhaji, babban dillali, da izininsa nake zaune a wurin. Don haka kunnena ya sha abin da ba a faɗa gaban baƙo.

Masu zuba jari kowa da sunan da ake kiransa a bayan idonsa. Wanda ya san harkar, mai tura hannu cikin kwali ya shinshina, shi ne ƙaya, gudunsa ake yi. Matar da ta aiko da kuɗin adashinta, kaza ce. Wanda kuwa ya gama aikin gwamnati ya karɓi kuɗin sallama a dunƙule, wannan rago ne. Rago ba a yanka shi ranar da ya zo. Sai an ba shi dusa tukuna, wato a gutsura daga uwar kuɗinsa a miƙa masa ƙarshen wata, a ce riba ce.

Wata safiya sai ga maƙwabcina na unguwar Gwange, dattijo, tsohon ma'ajin siton gwamnati, wanda muke sallah sahu ɗaya, ya zo zuba kuɗin sallamarsa. Alhaji ya miƙe tsaye yana ta gaisuwa, wushe wushe, ya ba shi kujerarsa, aka kawo shayi. Da dattijon ya yi zancen takarda, Alhaji ya ce ai tsakanin musulmi magana ta isa, ga shaidu nan zaune. Shaidun duk dillalai ne. Kunya ta hana dattijon maimaitawa. Yana juya baya Alhaji ya tambayi jama'a ko sun taɓa ganin ƙaho irin wannan, rumfa ta kwashe da dariya.

Wata uku yana cin dusa. Ya yi sadaka, ya gyara katangarsa, har turare ya kawo mini. Sannan Alhaji ya sanar da shi cewa lokacin kamun manyan tarwaɗa ya kusa, wanda ya ninka jarinsa bana ya huta ke nan. Abin da ya rage wa dattijon gidansa ne, da ya gada.

Ranar nan bayan la'asar ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci.

"Malam, kai ke zaune da su. Tsakaninka da Allah, in sayar?"

Na tuna tabarmata da bakunan da take ciyarwa.

"Baba, kasuwa ta Allah ce. Ka yi istihara."

Iyakar abin da na ce ke nan. Na sha auna maganar, ban sami ƙarya a cikinta ba, gaskiyar ma ban samu ba.

Ya sayar, ya kai wa Alhaji kuɗin. Bayan 'yan makonni aka ce masa kwalekwalen da ya ɗauko kayansa ya kife. Ni na san ba a aika kowace takarda bakin tabki a kan kayansa ba, don da an aika, ni zan rubuta.

Ya riƙa zuwa kullum. Da fari kan kujera, daga baya kan benci, a ƙarshe a tsaye cikin rana, riƙe da hularsa. Suka daina ɓoye sunan. Wani ya ce rago ya dawo neman fatarsa, wani ya miƙa masa kan kifi ya ce ga rabonsa na bana. Da ya kai kuka wurin shugabannin kasuwa, suka tambaye shi takarda. Shaidun suka ce su dai sun ga an sha shayi. Ni ba a kira ni ba, ban kuwa miƙe ba.

Ranar da wanda ya sayi gidan ya ce dattijon da iyalinsa su tashi, Alhaji ya aiko da motar kifinsa ta kwashe musu kaya zuwa ɗaki ɗaya da ƙanin matar dattijon ya ba su a unguwar Limanti. Mutanen unguwa suka yi ta yaba kirkinsa. Ni na kama ƙafar gado muka ɗora, na kuma bi su.

Da muka isa, direba ya ƙi buɗe bayan motar. Ya ce Alhaji ya ce sai an biya kuɗin mai. Dattijon ya laluba aljihunsa, na dama, na hagu, ya sake komawa na dama. Matarsa ta cire ɗankunne ɗaya ta miƙa. Direban ya juya shi a tafin hannu, ya ce ta kawo ɗayan.