Gidajen da Suka Amsa Mini Sallama

Ban taɓa mantawa da ranar da aka aike ni ƙidayar gidaje a Unguwar Masaƙa ba. Lokacin ina malamin hakimi a Dutse, Nasara bai daɗe da zuwa ba, kuma ba a fi shekara biyu da wucewar babbar yunwa ba. Ku da kuka tarar da tebur da kujera, kada wanda ya yi mini dariya: ofishina gafaka ce da alƙalamin kara da ƙoƙon tawada, da ajami muke rubutu.

Ga yadda abin ya taso. Joji, wato Baturen da ke rangadin gunduma, ya ce unguwanni sun yi yawa. Duk wadda ba ta kai gida talatin ba, a kwance rawanin mai unguwarta, a haɗe ta da maƙwabciya, sunanta ma a daina kira. Garba, mai unguwar Yamma da ke maƙwabtaka da Masaƙa, mutum ne mai dogon buri, shi ya yi ta safa da marwa a fada yana cewa ai Masaƙa ta zama kufai. Mai unguwar Masaƙa kuwa, Baba Isiyaku, tsoho ne tukuf, tun kakansa rawanin yake gidansu. Hakimi ya ce, "Malam Sule, je ka ƙirgo, ka kawo mana gaskiya." Na ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Ƙa'idar aikin ɗaya ce. Baƙo namiji ba ya wuce zaure. Ka tsaya a ƙofa ka yi sallama, in an amsa ka tambayi sunan maigida ka rubuta. In ka yi sau uku shiru, kango ne, ka wuce.

Na isa ranar Talata da hantsi, cikin zafin bazara. Baba Isiyaku yana biye da ni da sandarsa. Gida goma sha tara na farko mutane suka fito muka gaisa. Daga nan muka shiga lungun da ya nufi gindin dutse. Babu kukan akuya, babu daka, babu hayaƙi. Amma kowane zaure a share yake tas, ga sawun tsintsiya, ga tulu da ruwa mai sanyi.

Na yi sallama. Daga can ciki wata mace ta amsa.

"Gidan wa?"

"Gidan Malam Habu masaƙi."

"Yana ciki?"

"Yana nan."

Na rubuta. Haka na gaba, haka na gabansa. Wani gidan muryar tsohuwa, wani muryar namiji a shaƙe. A wani gida kusa da ƙarshe, ina juyawa sai muryar ta ce, "Malam, ka rubuta mu?" Wallahi tsigar jikina ta tashi, don ban faɗa wa kowa a lungun abin da ya kawo ni ba. Na waiwayi Baba, kansa a ƙasa, leɓensa na motsi. Na tashi da gida talatin da uku.

Har na kama hanyar fada na tuna na bar ƙoƙon tawadata a zauren Malam Habu, inda na tsaya shan ruwa da muka juyo. Na koma ni kaɗai. Sallama uku, shiru. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na leƙa. Innalillahi! Ɗakuna ba rufi, tumfafiya ta fito a tsakar gida, ramin saƙa ya cika da yashi. Na duba ƙasa ko zan ga sawun mutum. Sai na ƙadangare.

Na samu tsohon a ƙofar gidansa. Na ce, "Baba, wa ya amsa mini?"

Ya ce, "Malam, ka yi sallama?"

"Na yi."

"An amsa?"

"An amsa."

"To ni ban ce ka rubuta kowa ba. Da hannuna na binne su lokacin yunwa, wata rana har mutum uku. Yayata Iya Kande ke share zaurukan. In aka kashe sunan unguwar nan, 'ya'yansu da suka gudu in sun dawo, ina za su ce sun nufa?" Hawaye na bin gemunsa. Tausayinsa ya kama ni, tsoro kuma bai sake ni ba.

A fada hakimi ya karɓi takarda ya ce, "Ka tabbata?" Na ce, "Ranka ya daɗe, duk gidan da na rubuta, na yi sallama an amsa." Ban yi ƙarya ba. Garba ya kumbura ya yi fam, rawanin Baba Isiyaku ya tsira, unguwa ta zauna da sunanta.

Na daɗe ina gaya wa kaina Iya Kande ce ta bi ta baya tana amsawa. Amma matar nan da ƙyar take ɗaga ƙafa, kuma na ji muryar namiji.

Abin da na koya, ku riƙe shi: ma'aikaci yana ƙirga magidanta, mutanen unguwa kuwa har da waɗanda suka binne suke lissafi. In aka tura ku soke wata unguwa, ku tafi da ladabi.

Bayan na ajiye aiki na bi ta lungun. Iya Kande ta daɗe da rasuwa, katangu sun zube, amma zauren Malam Habu a share yake. Bakina ya riga ni, na yi sallama. Sai na ɗaga ƙafa da sauri, ban tsaya jin ko za a amsa ba.