Gwangwanin Maganin Yaya

Ni ba mai yawo ba ce. Daga gida sai majami'a, ko kasuwar Kafanchan ma sai ta kama dole. Amma Allah ya ba ni kunne. Ina madafa zan gaya maka wanda ya shigo gidanmu daga jan takalminsa.

Yayar maigidana ta dawo wurinmu da zama bayan rasuwar mijinta. Ina ce mata Yaya, ita kuma ba ta taɓa kirana da komai ba sai "matarmu". Ɗakinta na jikin nawa, bangon kuwa ba kauri. Tana da hawan jini, kuma tana cikin waɗanda aka ba katin asibiti na marasa ƙarfi, wanda ake duba mutum a ba shi magani kyauta. Kowace safiya, bayan ta gama addu'a, sai in ji ƙaras, ta ɓallo ƙwaya daga takardarta, sannan in ji ƙarar kofi.

Wani lokacin kakar citta sai na lura abin ya canja. Ƙaras ɗin yana nan kullum, amma wata rana kofi ke biyo baya, wata rana kuma murfin gwangwani. Na daure har na kasa. Na shiga na same ta da gwangwanin madara a cinya, ya kusa cika da ƙwayoyi.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Ke matarmu, kunnenki zai kashe ki wata rana. Ajiya ne."

Ashe yau ta sha, gobe ta ɓoye. Ban iya yi mata faɗa sosai ba, don na san inda abin ya samo asali. Shekarun baya an taɓa ba su irin katin nan. Da aka canja gwamnati, ta je asibiti aka ce mata an dakatar sai an ji daga sama. Watanni ta yi tana ɗaure kai da ɗankwali tana shan jiƙon ganye. Ina gani da idona.

"A gidan ubanmu ba mu taɓa cinye acca duka ba," ta ce. "Muna barin na damina. Zaɓe na zuwa, ko kin manta? Ki bar ni in cika rumbuna."

Na ce magani ba acca ba ne. Ta ce in je in duba miyata kada ta ƙone.

Ba a daɗe ba, muna zaune a tsakar gida muna tsaga citta, wuƙa ta faɗi daga hannunta. Na ɗaga kai na ga bakinta ya karkace. A keke muka kai ta asibiti, ina riƙe da kanta ina kiran sunan Yesu. Katin nan dai shi ya tsaya mana, aka kwantar da ita, aka cece ta, sai dai hannun hagu bai dawo daidai ba.

Na nuna wa nas gwangwanin. Ta riƙe baki. Ta ce ƙwayar da aka ɓalle daga takarda ta sha iska ba ta da sauran amfani, duk sai a zubar. Yaya ta juya fuska bango. Can ta ce da harshenta mai nauyi, "Sista, rantse mini ba za a sake tsayarwa ba, sai in sha kullum."

Nas ta ce ba za ta iya rantsuwa ba. Ta ce muddin abin nan alherin mai mulki ne, wani na iya zuwa ya cire. Sai fa in an sa shi cikin tsarin mulki, babbar dokar da ba a taɓa ta don an canja kujera. Ta ce akwai masu neman a yi hakan, har za a zo jin ra'ayin jama'a.

Da muka dawo gida maigida ya ce, "Ki ce mata an riga an sa shi cikin tsarin mulkin, mu huta." Na ce, wa? Yaya? Matar da rediyo ke kwana a kunnenta? Na gaya mata gaskiya. Sai ta ce, "Zan sha kullum, in za ki je ki faɗa masu. Ni bakina ya lalace, naki kuwa ba ya hutawa."

Ranar da aka zo jin ra'ayin jama'a, haka na ɗaura zanen zumuntar mata na tafi ɗakin taron. Masu Turanci suka yi nasu. Da aka miƙo mini abin magana, na ce ni ban yi boko mai nisa ba, da Hausa zan yi. Na ba su labarin Yaya tun daga katin farko har hannunta. Na ce tsoro ne ya shanye mata hannu, ku rubuta abin nan inda ba mai gogewa. Wata Bafulatana a bayana ta ce, "Wallahi nawa mijin ma rabi yake sha."

Da na dawo Yaya na bakin ƙofa tana jirana.

"Me suka ce?"

"Sun ce sun ji."

Ta yi dariya da rabin bakinta. "Sun ji. To, ke dai kin cika naki. Kawo ruwa."